Famfon Bakin Ƙofa

A asibitin ba mai kiranta da sunanta na yanka. Likita Sabulu ake ce mata, a bayan idonta dai, don a gabanta ba mai wannan ƙarfin hali. Shekara ashirin da biyu aikinta ɗaya ne: ta hana majinyaci kwasar wata cutar a inda ya zo neman magani. Aiki ne da ba a gode wa mai yin sa, domin in ta yi shi da kyau ba abin da ke faruwa, ba kuma wanda ke yin godiya a kan abin da bai faru ba.

Tana sabuwar likita aka yi wa wata mai jego aiki, aiki ya yi kyau, har matar ta soma zama tana ba jaririnta nono. Rana ta tara ɗinkin ya ruɓe, rana ta goma sha biyu aka fita da gawarta. Manyan likitoci suka ce kwana ne ya ƙare. Ita ma ta yarda kwana ya ƙare, amma ta tabbata wani hannu ne marar wanki ya taɓa ciwon nan, kuma mai hannun yana nan cikinsu yana cin abincinsa. Tun daga ranar ta koma karatun cututtuka masu yaɗuwa, ta kuma daina yarda da kowa.

Ta raba likitoci da zobba da agogo, ta sa nas-nas suka yanke farce, ta sa aka sauke labulen da ya shekara ba wanki. In ka miƙa mata hannu, sai ta kalli hannun kafin ta kalli fuskarka. Ko a gida ba su tsira ba. Maigidanta, malamin makaranta mai son raha, yakan ce wa baƙi, "Ni fa auren nan sai da aka duba min farce kafin a ɗaura." Ita ko murmushi ba ta yi, don tana ganin in ta sake fuska sau ɗaya, gobe wani zai shiga ɗakin tiyata da hannun da ya sosa kai.

A shekararta ta ashirin da biyu ne ciwuka suka soma ruɓewa a ɗakin maza na tiyata. Mutum huɗu cikin wata biyu, mugunya kore-kore mai wani irin wari, kuma ɗakin gwaji ya ce ƙwayar cuta iri ɗaya ce, mai taurin kai da ba ta jin yawancin magunguna. Na biyar wani dattijon tela ne da mota ta karya wa ƙafar dama, ƙafar da yake taka keken ɗinki da ita shekara arba'in. Likitan ƙashi ya faɗa mata ƙarara: in ciwon bai juyo ba, ƙafar za ta tafi.

Ruwa ba ya tsami banza, in ji ta. Ta fara da mai shara, don kowa da mai shara yake farawa. Ta koma kan injin dafa kayan aiki, ta bi ta kan katifu da ruwan tanki. Ta jera ma'aikatan ɗakin tun daga babbar Sista har mai tura gado, ta goga musu auduga a hanci da ƙarƙashin farce, aka kai ɗakin gwaji. Komai ya fito fes. Abin da ya fi ba ta haushi, duk Litinin da Alhamis da ƙarfe tara in ta shigo zagaye, sai ta tarar da su a layi a famfon bakin ƙofa suna cuɗa hannu har gwiwa, kamar waɗanda za a ba kyauta.

Ran nan ta jera ranakun da kowane ciwo ya fara ruɓewa. Duk biyar ɗin kwana biyu ko uku ne bayan zagayenta. Ba ita kaɗai ta lura ba. A matakala ta jiyo wata nas tana cewa, "In kura na maganin zawo, ta yi wa kanta mana." Ta kai hancinta da farcenta da farar rigarta ɗakin gwaji, aka ce ba komai. Ba ta yarda ba, don ba yau ta fara ganin gwaji ya yi ƙarya ba. Ta hana kanta shiga ɗakin mako uku. A mako ukun nan ko ciwo ɗaya bai ruɓe ba.

Ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba, ta ji tsoro. Ta rubuta takardar ajiye aiki ta sa a aljihu. Kafin ta kai wa shugaban asibiti, ta ce bari ta leƙa telan, ko daga nesa ne. Da rana tsaka ta je, ba a lokacinta ba, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta taɓa komai ba. Gadonsa ne na farko.

"Sannu, Baba. Ya ƙafar?"

"Da godiya, 'yata. Gobe za su yanke shawara, in ji su." Ya ɗan yi dariyar ƙarfin hali. "Kwana biyu kin ɓuya. Har famfon nan ya samu hutu."

"Wane famfo?"

"Wannan na kusa da ke. Ai ke kaɗai ake buɗe wa shi. Ni da nake kwance ba aikin fari ba na baƙi, me zan yi in ba kallo ba? Da an jiyo takalminki sai a ruga a murɗe shi. Ruwa ya yi ta fallatsi har kan keken audugar nan."

Ta juya ta dubi kwanon famfon. A bushe yake ƙayau, har da ƙura. A jikinsa, daf da shi, wurin da ake ajiye keken kayan wanke ciwo ne kowace safiya.

Ta kira babbar Sista gefe. Matar ta yi ta murza hannu kafin ta buɗe baki.

"Ranki ya daɗe, wallahi muna wankewa. A can ciki muke wankewa, ɗakinmu. Wannan ƙarfi gare shi, jiƙa mana riga yake yi, shi ya sa ba mai son sa. To amma na cikin ba kya ganinsa daga ƙofa. In kika shigo ba ki ga hannu a ruwa ba, kin san abin da ke biyo baya."

"Me ya hana ku faɗa min?"

Sista ta ɗago ta dube ta. "Wa zai faɗa miki?"

Da hannunta ta zura audugar gwaji cikin magudanar kwanon, inda ruwa ke kwanciya kwana uku-uku ba mai motsa shi. Bayan kwana biyu ɗakin gwaji ya ce ita ce, ƙwayar nan ce sak. Duk ranar da aka buɗe famfon dominta, fallatsin ruwan ne ke ɗebo ƙwayar zuwa kan kayan wanke ciwo. Aka cire famfon, aka toshe bututun. Daga nan ciwo bai sake ruɓewa a ɗakin ba, takardar aljihunta ma ba ta kai ko'ina ba. Ta ci gaba da aikin har wasu shekara tara, kuma waɗanda suka zo daga baya ba sa yarda in an ce musu a da mutum ba ya iya yi mata magana.

Sai dai ƙafar tela ba ta jira ba. An yanke ta ƙasa da gwiwa tun kafin sakamakon ya fito. Ranar da za a sallame shi ta je ta zauna a bakin gadonsa, ta zayyana masa komai, ba ta rage ba. Ya saurara yana shafa bandejin.

"Ke nan tsoronki ne ya sa suke buɗe shi."

"Shi ne, Baba."

"To 'yata, tambaya ɗaya. Da kina ɗan sakar musu fuska, da ƙafata tana nan?"

Ta so ta ce Allah ne masani, kuma da ta faɗa ba ta yi ƙarya ba. Amma ta san ba abin da ya tambaye ta ke nan ba.

"Ina jin da tana nan, Baba," ta ce.