Ranar da Na Saki Hannun Baba a Daji

Shekarun baya, ba su kai goma ba amma sun ɗan ja, na yi wani abin kunya a cikin daji wanda har yau in an taru a gidanmu sai an tono shi. Gara in ba ku labarin da bakina kafin yayana ya riga ni, don shi in ya tashi bayarwa da ludayi yake zuba gishiri.

Mahaifina mutumin daji ne. A ƙauyenmu da ke bayan Faskari yana noma kamar kowa, amma da zuma aka san shi. Da hannunsa yake saƙa amya, ya shafe ta, ya turara, ya hau ɗorawa ya ɗaura wa ƙudan zuma. Sai zamani ya juya, dajin ya koma hannun masu babura da bindigogi. Ranar da suka shigo ƙauyen yana gona, ya kwanta cikin dawa yana jin wucewarsu. Abin da ya tarar da ya koma gida, bai taɓa ba mu labari ba. Na ɗauko shi na dawo da shi wurina a Ƙanƙara, inda nake koyarwa a firamare.

Daga nan Baba ya zama mutumin tabarma. Daga zaure sai masallaci, daga masallaci sai zaure. Shekara uku bai wuce gidan ƙarshe na unguwarmu ba. Ba ciwo ba komai, amma muna kallo yana ƙarewa. Ko zuma aka kawo masa sai ya ture kwanon. Tsoronmu ɗaya ne, kada mutumin nan ya mutu a zaune.

Yayana ma'aikacin asibiti ne a Taraba, kusa da babban gandun dajin gwamnati da ke cikin duwatsu, wanda baƙi ke zuwa kallo daga ko'ina. Da matarsa ta haihu ya kira ni ya ce in kawo Baba suna, kuma akwai wani ruwa da ke faɗowa daga kan dutse a cikin gandun. In Baba ya sake taka daji ko sau ɗaya ne, wataƙila zuciyarsa ta dawo.

Kwana biyu muka yi a hanya. An yi suna lafiya, amma da aka tayar da zancen gandu Baba ya girgiza kai.

"Ni da daji mun yi sallama."

Yayana ya ce, "Baba, ruwa ne hwa ke zubowa daga bisa dutse, ba dare ba rana."

"Cikin bazarar ga? Da rijiyoyinmu suka ƙahe har mata na kwana bakin burtsatse? Kai dai tun kana yaro kake da ƙarin magana." Sai ya ƙara da cewa, "Mu tahi in gani, in dawo in ƙaryata ka gaban matarka."

Da haka muka samu kansa. Washegari da hantsi mota ta ajiye mu inda hanya ta ƙare, wani dattijon ma'aikacin gandu ya shige gaba da sandarsa. Ni kuwa na riƙe hannun Baba, bakina bai huta ba. Sai wa'azi nake yi masa, wai tsoro ba na mumini ba ne, wai abin da ya wuce ya wuce. Har da bugun ƙirji: "Kada ka damu Baba, ina tare da kai." Ni da ban taɓa ganin mutanen nan da idona ba, labarinsu kawai nake ji a majalisa.

Daji ne irin wanda ban taɓa gani ba. Bishiyoyi sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi kafin ka ga ƙarshensu, ƙasa da danshi, birai na leƙenmu daga rassa. Baba yana tafiya a hankali, tafin hannunsa ya jiƙe da gumi. Yayana da ma'aikacin suka yi mana nisa, suka sha kwanar wani dutse, muka rage mu biyu.

Sai na ji ƙarar.

Can ƙasa-ƙasa take, daga cikin daji, tana ƙaruwa. Duk wanda ya fito daga yankinmu ya san abin da irin wannan rugugi yake nufi in ya taso daga daji: babura ne, da yawa, a jere. Ban yi shawara da kowa ba. Na ce, "Innalillahi, ga su nan!" Na saki hannun mahaifina na yi tsalle na faɗa bayan wani dutse, cikin ƙaya, takalmina ɗaya ya yi nasa wuri.

Da na leƙo, Baba yana nan tsaye a tsakiyar hanya shi kaɗai. Ya karkata kai gefe guda, ya rufe ido, yana saurare, yadda yake yi a da in yana neman inda ƙudan zuma suka yi gida. Ya daɗe a haka.

"Wanga ba babur ba ne," in ji shi. "Babur shina numfashi. Shi ja, shi sauke, shi sake ja. Wanga tun ɗazu bai ja numfashi ba. Kuma ba ka ji tsuntsaye na kuka ba? Ranar da suka zo mana, ko kurciya ba ta yi kuka ba."

Wannan ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi a kan ranar. Ya tako har bakin ƙayar, ya miƙo mini hannu.

"Taso, malamin makaranta. Kada ka damu, ina tare da kai."

Shi ya ja ni muka sha kwanar, ina ɗingishi da takalmi ɗaya.

Jama'a, na karanta ikon Allah a littafi, na koya wa yara a aji, amma ranar na gan shi. Baƙin dutse ne ya tashi sama, ya fi kowace hasumiyar masallaci da na sani, ruwa na zubowa daga kansa fari fat kamar ana zazzage buhunan auduga, ba ya tsayawa, ba ya raguwa. Ƙasa na motsi a ƙarƙashin ƙafa. Feshinsa ya jiƙa mana fuska tun daga nesa, da sanyi irin na randa, a watan da garinmu ke tafasa. Bakan gizo ya kwanta a gindinsa, kusa, har ka ce za ka taɓa. Yayana yana ta magana yana nuna ƙafata yana dariya, ba mai jin abin da yake cewa. Ni dai bakina a buɗe, ba abin da nake iya faɗa sai Subhanallahi.

Baba ya cire takalmansa ya gangara bakin ruwan. Ya yi alwala a natse, ya hau wani shimfiɗaɗɗen dutse ya yi raka'a biyu. Da ya sallame ya yafito ma'aikacin, ya ɗaga murya.

"Malam, rani da damina haka shike?"

"Haka muka tarar da shi, Baba. Kakanninmu ma haka suka tarar."

"Ba mai ruhe shi?"

"Sai wanda ya buɗe shi."

Baba ya jinjina kai. A gefensa, inda dutsen ya jiƙe, ƙudan zuma na sauka suna shan ruwa. Ya ajiye yatsansa a wurin, ɗaya ya hau. Ya zuba masa ido, hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Na matso na durƙusa don in ba shi haƙurin sakin hannunsa da na yi, sai ya riga ni magana.

"Ashe har yanzu akwai dajin da in ya yi ƙara, ruwa ne."

Mako biyu da dawowarmu na taso daga makaranta na tarar da zaure cike da ciyawa, Baba na saƙa amya. Da ya gama ya sa ni gaba, muka wuce gidan ƙarshe na unguwa har gindin wata ɗorawa. Ni na hau na ɗaura, yana ƙasa yana faɗan ban iya ƙulli ba.

Na daɗe ina tunanin ranar. Na tafi da niyyar in yi wa tsoho maganin tsoro, ashe ni ne matsoracin. Shi baƙin cikin rabuwa da dajinsa ne ke cinsa, kuma kunnen da ya san dajin yana nan bai mutu ba. Tun daga lokacin na rage yi wa mutane wa'azi a kan abin da ban ɗanɗana ba.

Ƙauyenmu har yau ba mu koma ba. Amyoyin Baba dai sun kai bakwai. Duk ranar da za mu duba su, da mun wuce gidan ƙarshe sai ya miƙo hannu yana murmushi, ya ce, "Riƙe nan, malam, kada ka hwaɗa ƙaya." Shi da wasa yake faɗa. Ni kuwa da gaske nake riƙewa, kuma ban ƙara saki ba.