Mun Kai Inna Ta Ga Kangon Gidanmu

Ana sallame sallar asuba muka fito bakin titi a Kabo, ni da kakata, wadda kowa ke kira Inna, da ƙanin mahaifina, Baffa. Masu tambayata yadda tafiyar ta kasance sun yi yawa, gara in faɗa sau ɗaya.

Asalinmu wani ɗan ƙauye ne a ƙasar Lakwaya. Ina firamare rijiyarmu ta fara ƙafewa, ga satar dabbobi, sai mutane suka riƙa tashi gida bayan gida, har muka zama na ƙarshe, muka koma Kabo. Tun bara Inna ta kafe a kan sai an mayar da ita ɗakinta, can za ta ƙarasa kwanakinta. Ni nake kwana da ita, ni nake dafa mata, don haka in ta zauna can, zaman ya haɗa da ni. Baffa ya ce a kai ta ta gani da idonta. Sai a mota na lura da ƙullin da ta ɗora a cinya: zannuwanta ne, da buta, da sabuwar tsintsiya. Ba ganin ido ya fito da ita ba.

Titin Gwarzo lafiya lau, ban da ramukan da damina ta haƙa wajen Gude. Kuɗin mota kuwa ya sa Inna ta tambayi yaron mota ko har da tayar za a ba mu. Gero ya yi kai, dawa ta fi mutum tsawo. A tashar Gwarzo muka karya da koko da ƙosai mai zafi, muka sayi dafaffiyar gyaɗa. Can muka haɗu da wata malama 'yar Filato da ta taɓa koyar da mu a ƙauye. Ta rungume Inna, suka gaisa har kokon ya huce. Da ta ji inda za mu, ta riƙe baki ta ce, "Inna, ai ko masu kiwo sun daina bi ta can."

Daga nan babur ne. Inda hanyar mota ta ƙare masu baburan suka ce iyakarsu ke nan, za su jira mu a gindin wata tsamiya. Muka taka. Hanyar da na sani, wadda amalanke ke bi a sake, ta zama siririn layi cikin gamba da tafasa. Baffa na gaba yana sara da adda.

Wallahi ban gane garinmu ba. Ginin ƙasa in ba a yi masa yaɓe duk shekara ba, komawa yake inda aka ɗebo shi. Katangu sun narke sun zama tudu, kabewa da garahuni sun hau kansu sun yi shimfiɗa. Wata cediya ta tsiro a tsakiyar zauren mai unguwa, ta ɗaga rufin ta fice. Bakin rijiya ya cika da sheƙar tsuntsaye. A rumbun maƙwabtanmu zuma ta tare, tun daga nesa kana jin gunjinta. Ba kukan jaki, ba daka, ba kiran yaro, amma kuma ba shiru ba ne: kurciya, hasbiya, gyare, kowa na harkarsa. Wani damo ya dube mu daga kan turmi, bai ko gusa ba.

Ɗakin Inna kaɗai ya rage da rufi a gidanmu, shi ma gara ta cinye rabin azarar. Inna ta ce hayaƙin girki ne ke korar gara, ɗaki da hayaƙi yake rayuwa. Ta zauna a kan wani dutse tana haki, ta kwance ƙullin, ta miƙo mini tsintsiya.

"Ƙawata, ɗan share mini. Ko ke ma zaman titi ya kashe miki baya?"

Na tura ƙyauren na shiga. Gadonta na ƙasa yana nan, randarta tana nan a lungu. Na sunkuya zan fara shara ke nan, sai na ji huci. Daga bayan randar ta taso, baƙa wuluk, ta fasa kai, tsayinta ya kai gwiwata. Gamsheƙa.

Ban san lokacin da Inna ta iso bakin ƙofa ba. Muryarta kawai na ji, ƙasa-ƙasa, irin wadda take lallashina da ita ina ƙarama.

"Kada ki motsa. Rufe idonki, tofi take yi. Yawwa. Ja da baya a hankali, ina nan. Taho, 'yar albarka. Taho."

Haka na fito da baya, ido a rufe, har na ji hannunta a wuyana. Na faɗa jikinta ina kuka. Tsohuwar da nake ɗagawa in za ta yi alwala, ita ta riƙe ni.

Baffa ya zo a guje, ya ce bari ya tara ciyawa ya cinna wa ɗakin wuta. Inna ta ɗaga masa hannu.

"Kai, ajiye ashanar nan. Ita ta je ta same mu, ko mu muka zo muka same ta? Mun tafi ba mu ce wa kowa za mu dawo ba."

Ta daɗe tana kallon ɗakin, tana shafa kaina. A nan ta haifi 'ya'yanta duka. Sannan ta ɗaure ƙullinta da kanta, ta bi gidan lungu-lungu da ido tana ambaton waɗanda suka zauna a ciki, rayayyu da matattu, tana yi musu addu'a. Baffa ya miƙa sanda zai jawo ƙyauren, ta ce, "Bar musu a buɗe. Mu tafi, yarinyar nan ta tsorata."

A dawowa, da muka iso Gwarzo, Inna ta sa aka saya mini fura da nono, ta tsare ni sai da na shanye. La'asar sakaliya muka shiga Kabo. Ƙarar injin markaɗe da hayaniyar yara, waɗanda kullum nake ƙorafi a kansu, ranar daɗinsu na ji har cikin raina.

Abin da na koyo, da a ce yau mutane duka za su gushe, ƙasa ba za ta zauna makoki ba. Damina kaɗan sun ishe ta ta rufe sawunmu, ta raba ɗakunanmu ga masu buƙata. Wannan ya ba ni tsoro, har yanzu ko igiya na gani sai gabana ya faɗi. Da na faɗa wa Inna haka, dariya ta yi.

"To mene ne abin tsoro? Aro aka ba mu, mun ci moriya, an ba wasu. Ni dai na ga gidana bai mutu ba. Tashi ki hura mana wuta, ɗakin nan ma yana son hayaƙi."