Sallahun Kaka

Ƙarar zif ɗin jakar Gwaggo ce ta tashe ni tun kafin kiran farko. Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar filin jirgin Kano. Gwaggo ƙanwar babana ce, ta shekara goma tana saro kaya daga Dubai. Ni kuwa zuwana na farko ke nan, an haɗa ni da ita don gwiwarta ta fara ƙin hawa bene.

Kowa a gida ya ba da sallahu, wannan abaya, wancan waya. Na Kaka, mahaifiyar babana, shi ne mai nauyi. Ta haura casa'in. Ta riƙe hannuna ta ce, "Takwara, tunda za ki ƙetare ruwan gishiri, ki tambayo mini labarin Audu."

Audu mahaifinta ne. Tana cikin mahaifiyarta aka tafi da shi, a abin da take kira yaƙin Jamus. Dagaci ya ce kowane gida ya ba da namiji ɗaya, aka zuba su a jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga nan jirgin ruwa zuwa gabashin Afirka, su yi wa sojoji dako. Bai dawo ba, ba a kuma aiko da rasuwarsa ba. Don haka matarsa ba ta yi takaba ba, ba a yi sadakar uku ba balle ta arba'in. Da Kaka ta girma aka so a yi masa sadaka, ta hana, ta ce sai an ji daga bakin wanda ya sani.

A cikin jirgi Gwaggo ta ce, "Ni ma haka take ce mini duk zuwa. Ki amsa da to, khalas, shi ke nan."

Mun sauka a unguwar International City, a wani fulat da mata shida ke kwana a ɗaki guda, katifu jere kamar asibiti. Titunan sumul, ba rami ko ɗaya, har ban ga dalilin riƙe komai a cikin bas ba. Kwana uku muna zagaya babbar kasuwar 'yan Chana da ke kusa. Gwaggo na ciniki da kalkuleta da harara, in ɗan Chana ya ƙi ragi ta zage shi da Hausa tana murmushi, shi ma ya yi murmushi. Shinkafar 'yan garin yaji ba daɗi, amma shayinsu mai kauri na ƙaramin kofi, dirhami ɗaya, na so shi.

A wurin shan shayin na ga talabijin ana nuna cika shekara ɗari da fara Yaƙin Duniya na Ɗaya. Fararen duwatsu a jere kan koriyar ciyawa a Turai, kowane da suna, yara na ajiye jajayen furanni. Na tuna abin da aka koya mana: an harbe wani yarima, manyan ƙasashe da suka daɗe suna hararar juna kan mulki da ƙasashen mallaka suka kaure. Ban taɓa gane yadda harbin nan ya iso ƙauyenmu ya ɗauke manomin gero ba.

Ranar Laraba muka je Satwa wajen teloli. Muna jiran a gama ɗinkin abayoyi, na zauna kusa da wata dattijuwa 'yar kasuwa, ta ce daga Tanzaniya take. Tanzaniya kuwa a gabashin Afirka take, yankin da aka kai su Audu. Da Turanci na ba ta labarin Audu, ina jin kunyar kaina.

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "'Yata, kabari kike nema?"

Na ce ko da sunan gari ne.

Ta ce kakanta ma ɗan dako ne, amma Jamusawa ya yi wa, shi ma bai dawo ba. Ta ce a garinsu tsofaffi ba sa maganar harbi, yunwa suke tunawa, don sojojin kowane ɓangare sun kwashe hatsi da shanu. 'Yan dako kuwa gudawa da zazzaɓi suka fi cinye su. Wanda ya faɗi a hanya, a sauke kayan a ɗora wa na bayansa, a wuce.

"Wa zai tsaya haƙa rami?" in ji ta. "Wataƙila naki da nawa daji ɗaya suka kwanta."

Gwaggo ta ɗaga murya, "Yalla, ke, zo ki duba hannun rigar nan, kin zauna kina hira da baƙuwa." Na tashi, amma hankalina ba ya kan rigar.

Washegari muka kai kaya Al Quoz wurin masu kago, masu aika kaya gida. Rana tsaka, maza daga ƙasashe barkatai na ɗaukar kwalaye a ka suna shiga kwantena, gumi ya jiƙa musu riguna. Na tsaya ina kallon wuyansu. Gwaggo ta zaci zafi ne ya dame ni, ta miƙo mini ruwa.

Da muka dawo Kano aka yi ta rabon tsaraba ana shewa. Na shiga ɗakin Kaka. Na yi niyyar cewa ban samu ba, kamar yadda kowa ke yi, sai bakina ya ƙi. Na faɗa mata duk abin da matar ta ce, har da kayan da ake ɗora wa na baya.

Ta ce, "Ita matar Musulma ce?" Na ce e. Ta ce, "To an ji. A jiƙa gero."

Ranar Juma'a aka yi gumba da waina, malamai suka yi addu'a ga mutumin da babu mai rai da ya taɓa ganin fuskarsa. Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: akwai mutanen da yaƙi ke haɗiyewa bai ko san ya haɗiye su ba.

Bayan rasuwar Kaka da shekara guda wani tsoho a dangi ya gaya mini cewa ba Audu dagaci ya zaɓa ba, wansa Tanko ne. Tanko na kwance ba lafiya, Audu ya je ya amsa sunansa. Ko da akwai takardar da aka rubuta shi a wani wuri, da sunan Tanko aka rubuta, wanda ya tsufa ya mutu a ɗakinsa.