Jinin Lawal da Ban Gwada Ba

Ni ɗan manomi ne, haifaffen Sandamu. Mahaifina gero da wake yake nomawa, kuma tumakinsa ya sayar ya kai ni makarantar koyon aikin lafiya. Lokacin da nake sakandare a Daura, a gidan amininsa Malam Isiyaku na zauna. Shi ya sauke mini Alƙur'ani, a kwano ɗaya nake cin tuwo da 'ya'yansa, 'yarsa Saratu kuwa Yaya take ce mini tun tana ƙarama. Ban taɓa haura katangar kowa ba, ban taɓa zura hannu a aljihun mutum ba. Da farar riga da biro na yi tawa ta'asar, shi ya sa nake so ku saurare ni, musamman ku da kuke shirin sa farar rigar nan.

Da na gama karatu na sami aiki a wani ɗakin gwajin jini mai zaman kansa a cikin Daura. Shugabana wani dattijo ne, Malam Ashiru, mutum mai tsantseni har ya ba ka haushi. Kafin ya soki mutum da allura sai ya rubuta sunansa a jikin kwalba, ya karanta masa, ya ji ya amsa. In za a yi gwajin sikila, ba ya ɗora jinin mutum shi kaɗai a kan 'yar takardar da ake sawa a inji. Sai ya jera masa jini uku da aka riga aka san su, na AA da na AS da na SS, waɗanda yake ajiyewa a firji. Shaidu yake kiransu. In shaidun ba su fito inda aka san su ba, ranar babu sakamako, ko waye yake jira a waje. In sun fito daidai, sai ya manna takardar a wani babban littafi, ya rubuta suna da rana a ƙasa.

Wata rana na ce masa, "Baba, wannan ai ɓata lokaci ne." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Yaro, alƙali ba ya hukunci babu shaidu. Kuma ka sani, ranar da abu ya ɓaci ba inji za a kama ba, wanda ya sa hannu za a kama." Na ce to, amma a raina cewa nake tsoho ya cika fi'ili.

Shekara biyu muna tare, sai ciwon ido ya kwantar da shi, ya ajiye aiki. Mai wurin ɗan kasuwa ne, bai san komai a harkar ba, ya miƙa mini makulli da hatimi. Mutane suka fara ce mini Likita. Ni ba likita ba ne, amma ban taɓa gyara wa kowa ba, don sunan yana yi mini daɗi.

Da damina na fara lalacewa. Ranar kasuwa benci ya cika da masu zazzaɓi, yara na kuka, wuyana ya ƙage saboda leƙen madubin duba jini. Sai na ce a raina, waye ba shi da malariya a wannan lokaci? Na rubuta wa mutum biyar akwai, ban duba ko ɗaya ba, na juye jininsu a bahon wanke hannu na sakar masa ruwa. Na kwana biyu ina jiran wani ya dawo da ƙorafi. Babu wanda ya dawo. Daga malariya na koma taifot, daga nan na daina ciro shaidu daga firji, littafin Malam Ashiru kuwa tun tafiyarsa ya koma ƙarƙashin tebur. Gari ya ɗauka cewa wurina ba a ɓata lokaci, kafin ka gama shan ruwan leda takardarka ta fito. Ina karɓar kuɗin aikin da ban yi ba, ina kuma jin ana yabona a majalisa.

A shekarun nan, bayan an ƙaddamar da shari'a, limamai da yawa suka fara neman takardar gwaji kafin su ɗaura aure. Da kaka, in an yi girbi an sayar da dabbobi, layin angwaye da amare har bakin titi. A tsakiyar wannan cinkoso injin gwajin sikila ya mutu. Gyaransa sai an kai Kano. Na ce bari kakar ta wuce tukuna, na lulluɓe shi da tawul, duk wanda ya zo na kalli jikinsa na rubuta masa AA. Na sani sarai mai AS ba a gane shi da ido, an koya mini wannan tun a aji ɗaya.

Wata Laraba da hantsi sai ga Malam Isiyaku da kansa, tare da wani saurayi ƙaƙƙarfa mai suna Lawal, mai fataucin shanu zuwa Kudu. Shi ne zai auri Saratu, kuma suna son juna, kowa ya sani. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ciro takarda daga aljihu ya ce, "Ƙanwarka an gwada ta a asibiti, AS ce. An ce mini in shi ma AS ne akwai hatsari ga 'ya'ya. Na kawo shi wurinka ne don kai nawa ne. Ka duba da kyau. In bai dace ba ka faɗa mini, ko an raba goro zan fasa."

Maganar da ya kamata in yi gajeriya ce: Malam, inji ya lalace, ku je Katsina. Amma akwai mutum shida a kan benci riƙe da takardun da na ba su da safiyar nan. In na faɗa, asirina ya tonu a gabansu da gaban wanda ya rene ni. Na ɗebi jinin Lawal, na shiga ciki na rufe ƙofa, na zauna kusa da mataccen inji na kusan awa guda don a ce ina aiki. Ta taga ina hango shi yana dariya, wuya kamar na bijimi. Na ce wannan ai lafiyayye ne. Na rubuta AA, na buga hatimi, na sa hannu. Malam ya sa mini albarka har sau uku. Na ci shinkafar bikin, har da ni a masu rakiyar ango.

Bayan shekara Saratu ta haifi 'ya mace, aka sa mata Habiba. Tana wata takwas hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, kuka ba dare ba rana. A asibiti aka gwada, aka ce SS ce. Likitan ya ce a sake gwada uban, don ɗaya daga cikin takardun akwai kuskure. Lawal ya taho wurina kai tsaye, takardata a hannu, ya ce, "Likita, wai an ce ka yi kuskure?" Na ce, "Inji ba ya kuskure." Haka na faɗa, ban ko ƙifta ido ba.

Ban yi tunanin inda maganar za ta faɗa ba, ko kuma na yi na kawar da kai. Wani ɗan'uwan Lawal mai ɗan karatun boko ya bayyana wa dangi cewa mai AA ba ya haifar mai SS. In takarda gaskiya ce, to 'yar ba ta Lawal ba ce. Cikin mako guda aka mayar da Saratu gidan ubanta da jaririya mara lafiya a baya, magana ta bazu daga Kusugu har kasuwar dabbobi. 'Yar malami, wadda ko ƙofar gida ba ta tsayawa, ita ake nunawa da baki. Almajiran Malam manya suka fara janye jiki daga zaurensa.

Malam ya zo ya same ni bayan la'asar. Ya rame, rawaninsa ma a karkace. Bai zauna ba. Ya ce, "Ɗana, tsakaninka da Allah, babu yadda za a yi a samu kuskure a aikin nan? Ko kwalba ta musanya? Ɗan Adam ne kai, in ka ce ka yi kuskure babu mai kama ka." Ya buɗe mini ƙofa da hannunsa, na ƙi shiga. Na ce, "Malam, na duba da kyau." Ya ce Allah ya bayyana gaskiya, ya fita. Wannan ƙaryar ta fi ta farko muni, kuma ita ce har yau take hana ni sakewa.

Malam ya kai ƙarar dangin Lawal kotun shari'a a kan ƙazafi. Aka kira ni shaida, na maimaita abin da na faɗa. Alƙali ya ce shi bai san aikin jini ba, a nemo wanda ya sani. Sai ga Malam Ashiru an riƙo masa hannu, ido ɗaya a rufe da auduga. Bai yi dogon bayani ba. Ya juyo wajen da ya ji muryata ya ce, "Yaro, ina shaidun ranar? Kawo littafi a ga takardar Lawal." Aka aika ɗan sanda da ni. Shafin ƙarshe da aka manna wani abu a littafin, rubutun Malam Ashiru ne. Aka yaye tawul, aka ga inji har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Aka sake gwada Lawal a asibitin gwamnati, AS ne.

Jami'an da ke sa ido a kan ɗakunan gwaji suka zo suka rufe wurin, aka soke lasisina, aka yi shela duk wanda ke da takarda mai sa hannuna ya je a sake gwada shi. Ban san iyalai nawa ne ba, ban kuma san abin da aka tarar ba, tsoron tambaya nake yi. Aka yanke mini shekara uku a gidan yari saboda zamba da takardar ƙarya da shaidar zur. Mahaifina bai zo kotu ba, bai kuma zo ziyara ba. Ina shekara ta biyu a ciki wani gandiroba ɗan unguwar su Malam Isiyaku ya gaya mini Habiba ta rasu. Ya ce Lawal ya yi ta aike a mayar masa da matarsa, Saratu ta ce ba za ta koma gidan da aka gaskata takarda aka ƙaryata ta ba. Ranar na kasa cin gabza, na juya fuska bango na yi kuka kamar yaro.

Da aka sake ni, kafin in je Sandamu gidan Malam Isiyaku na fara zuwa. Na tsuguna a bakin zaure na faɗi duk abin da na yi, tun daga mutum biyar na farko. Ya ji ni har ƙarshe. Ya ce, "Abin da ka yi mini na yafe. Na Saratu ba nawa ba ne, sai ka tambaye ta." Ya aika ciki. Ba ta fito ba, daga bayan ƙofa ta yi magana, kuma muryarta ba ta da faɗa ko kaɗan. Ta ce, "Yaya, da ka ce mana injin ya lalace, ai da mun hau mota mun je Katsina." Na jira ta ƙara wani abu. Sai na ji takunta tana komawa ciki.

Yanzu noma nake yi a gonar mahaifina, babu mai ce mini Likita. Na tuba, ina roƙon Allah gafara a kowace salla, amma na san haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe, kuma har yau ba ta ce ta yafe ba.

Ƙannena, in an ba ku hatimi, ku tuna akwai aure da mutunci da ran jariri a ƙarƙashinsa. Kada ku rubuta abin da idonku bai gani ba, ko na zazzaɓi ne, don ni ma daga nan na fara. Ku ciro shaidu kullum, ko layi ya kai titi. In kun yi kuskure ku faɗa tun ranar da aka tambaye ku. In inji ya lalace, ku buɗe baki ku ce ya lalace, mutane su ji haushi su tafi wani wuri. Ni kunyar mutum shida a kan benci ta hana ni faɗa, ga shi Habiba tana kabari.