Yaya Iliya da Ƙungiyar da Ya Bari a Jamus

Shekara bakwai ke nan cur da rasuwar yayana, Iliya. Ban yi niyyar rubuta komai bana ba, don aikin jinya ya cinye min ƙafa, shekaru kuma sun fara nuna kansu. Sai ga shi makon jiya ƙungiyar ƙwallon da ya bi har ƙarshen rayuwarsa ta sake faɗowa daga rukuni na ɗaya a Jamus. Wani tsohon abokin aikinsa ya gan ni a tashar bas ta Stratford a nan London, ya ce, "Saratu, kin ji mutanen Iliya sun sake faɗuwa?" Na ce na ji. Sai motarsa ta iso ya hau.

Wanda bai san Yaya ba zai yi mamakin abin da ya haɗa ɗan ƙauye daga kudancin Kaduna, direban bas a London, da ƙungiyar wani garin masana'antu a Jamus. Yana saurayi ya tafi can koyon gyaran injuna, ya samu aiki a wata masana'antar ƙarfe, ya kama ɗaki a gidan wani tsoho mai suna Helmut. Wannan tsohon ne ya fara jan sa zuwa filin wasa ranar Asabar. Yaya ya sha gaya min cewa wata shida ya yi a garin babu wanda ya taɓa ko kafaɗarsa, sai ranar da aka ci ƙwallo wani ƙato da bai sani ba ya rungume shi yana ihu, har ya ɗaga shi sama. Daga ranar ya zama nasu. A lokacin ƙungiyar tana rukuni na ɗaya, ba ta cin kofi, amma ba ta jin tsoron kowa a gida.

A garin ya haɗu da Monika, suka haifi 'ya mace, Hanna, wadda shi yake kira Hannatu, sunan mahaifiyarmu. Sai aka rufe masana'antar. Aiki ya ƙare, gida ya ɗau zafi, shi da Monika kullum cikin faɗa. Ya ce zai leƙa London na wata uku ya nemi abin yi. Hanna tana da shekara huɗu. A wannan kakar ce ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu, shi kuma bai koma ba.

Ni na same shi a London bayan wasu shekaru, na zauna tare da shi a flat ɗinsa a wani dogon bene na unguwar Thamesmead, hawa na tara. A nan na ga yadda mutum yake wahala a kan abin da ba ya iya gyarawa. Duk Asabar sai ya nemi wanda zai karɓe shi a wurin aiki. Da farko rediyo yake kasa wa kunne, yana juya ta ta taga ko zai kama tashar Jamus. Daga baya ya koma gaban kwamfuta. Ƙungiyar ta yi shekaru a rukuni na biyu tana canza koci kamar riga. Sau ɗaya ta hau rukuni na ɗaya, muka yi shinkafa da kaji aka kira maƙwabta, amma manyan ƙungiyoyi suka kwashe 'yan wasanta masu kyau, kafin shekara ta zagayo ta dawo inda ta fito. Wata shekarar kuma ta kai wasan cike gurbin hawa rukuni na ɗaya, aka zura mata ƙwallo saura minti kaɗan a tashi. Ranar Yaya ya tashi ya wanke kwanukan da na riga na wanke.

Kullum maganarsa ɗaya ce: idan suka koma rukuni na ɗaya zai je ya kalli wasa, ya ga Hannatu. Shekarar da suka hau ɗin na tuna masa. Ya ce ba a ba shi hutu ba. Na san ba hutu ba ne. Yana aika mata katin Kirsimeti, wani lokaci ta amsa da layi biyu, wani lokaci shiru. Ni ma na bar maganar, don ƙanwa ce ni, kuma a gidansa nake.

Shekarar da likita ya ce zuciyarsa ta yi rauni, har aka karɓe masa tuƙi, ƙungiyar ta gangara rukuni na uku. Na duba takardun asibiti, aikina ne, na san abin da suke nufi. Na nemo Hanna ta intanet ba da saninsa ba, na rubuta mata gaskiya. Bayan kwana goma ta amsa. Ta ce ba za ta karɓe shi a gidanta ba, amma tana zuwa filin wasa duk ranar da ake wasan gida, idan ya zo zai same ta a can.

Na same shi yana shan shayi, na ce, "Yaya, mutanen nan ba za su hau kana raye ba. Na yi mana booking ɗin jirgi, Juma'a za mu tashi."

Bai taɓa jin magana irin wannan daga bakina ba. Kwana biyu bai kula ni ba. A na uku na ga ya fito da akwati.

Ranar wasan ana yayyafi. Filin da yake ba ni labarin cikarsa rabinsa babu kowa, abokan karawar kuma daga wani ƙaramin gari ne da shi kansa bai taɓa jin sunansa ba. Hanna tana jiran mu a bakin ƙofa, doguwar mace mai shekara talatin da wani abu, da goshin mahaifiyarmu sak. Ta miƙa masa hannu kamar baƙo. Muka zauna, shi a tsakiya. Suka riƙa magana da Jamusanci a kan wasan, nasa ya yi tsatsa, ni ban gane komai ba. Na lura dai duka biyun idonsu na kan fili, babu mai kallon ɗan'uwansa.

Da aka tafi hutun rabin lokaci ta juya harshe zuwa Turanci, ina jin don ni ma in zama shaida. Ta ce, "Me ya sa ba ka dawo ba?"

Ya daɗe yana murza hularsa. Ya ce, "Kunya. Shekarar farko ba ni da aiki. Ta biyu ba ni da abin da zan faɗa miki. Daga nan kowace shekara ta fi ta baya nauyi."

Ba ta ce ta yafe ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta gaya masa cewa bayan tafiyarsa tsoho Helmut ne yake ɗauko ta ya kawo ta wannan fili, har ƙafarsa ta kasa. Yaya ya sunkuyar da kai. Aka dawo, aka ci ƙungiyarsu. Da muka zo sauka matakala numfashi ya gagare shi, sai ta riƙe masa hannu har ƙasa, ta raka mu tashar jirgi.

Wata goma sha ɗaya ya ƙara a duniya. Duk Lahadi da yamma takan kira shi su tattauna wasan jiya, su zagi koci tare. Iliya take kiran sa, ba Baba ba, shi kuma bai taɓa neman fiye da haka ba. Ta zo jana'izarsa a cocinmu, ta zauna a layin baya.

Bayan rasuwarsa ne ƙungiyar ta farfaɗo, ta hau rukuni na biyu, sannan na ɗaya. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga hakan. Ina jin zai yi murna kwana ɗaya, washegari ya fara ƙorafi: tikiti ya yi tsada, 'yan wasa ba sa zama su san garin, a ci ƙwallo kuma sai an jira alƙali ya duba talabijin kafin a yi ihu. Faɗuwar bana kuwa ba za ta ba shi mamaki ba. Zai ɗaga kafaɗa ya tambayi ranar da za a fara sabuwar kaka. Ni ba ni da wannan juriyar. Ban taɓa son ƙwallo ba, amma har yau idan Asabar ta yi sai in tsinci kaina ina duba sakamako a waya tsakanin ɗakin mara lafiya da na gaba, kuma raina ya ɓaci a kan mutanen da ban sani ba.

Ba zan mayar da yayana waliyyi don ya mutu ba. Mutum ne mai haƙuri da fasinja, mai kyauta, wanda ya riƙe ni lokacin da ba ni da kowa a ƙasar nan. Shi ne kuma ya bar yarinya 'yar shekara huɗu, ya ɓuya a bayan teburin gasar ƙwallo kusan shekara talatin. Yammaci ɗaya a cikin ruwan sama bai goge wannan ba. Abin da ya iya yi a ƙarshe shi ne ya je, ya zauna, ya faɗi gaskiya da aka tambaye shi.

Lahadin da ta wuce Hanna ta kira ni. Ta ce za ta zo London da bazara tare da 'yarta, yarinyar tana so ta ga inda kakanta ya zauna. Za mu ajiye waya sai ta ce, "Saratu, yaya ake kiran ƙanwar uba da Hausa?" Na ce Gwaggo. Ta gwada, harshenta ya harɗe, muka yi dariya, ta sake gwadawa.

Ta ce, "To, sai mun zo, Gwaggo."