Takardar da Aka Ciro Daga Tsagar Bango

Shekarun baya masu yawa, a shekarar da soja suka fara miƙa wa farar hula mulki, ina zaune a Gwammaja, a wani ɗan ɗaki da ke soro na biyu a gidan wani dattijo mai sayar da fatu. Ɗinki nake koyo a wani shago wajen Goron Dutse. Ni Kirista ne ɗan Kirista, daga wani ƙauye a kudancin Kano, kuma a iya sanina babu wani irina a duk layinmu. Mai gidan ya san haka tun ranar da ya ba ni ɗakin. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ban da giya, ban da baƙin mata. Sauran kuma tsakaninka da Mahaliccinka."

To, tsakanina da Mahaliccin nawa ne abu ya fara lalacewa. A gida mahaifiyata ce take tashe mu kowace safiya, a karanta Littafi Mai Tsarki, a yi addu'a, sannan a tafi gona. A birni babu mai tashe ni. Coci sai Sabon Gari, ga shi lokacin siyasa ne, shagonmu ya cika da ɗinkin tutoci da rigunan 'yan jam'iyya, har Lahadi ba mu hutawa. Na fara da fashin mako ɗaya. Kafin in ankara wata huɗu sun wuce ban buɗe littafina ba, ban kuma ce wa Allah ko sannu ba.

Gidan nan kuwa kowa da asuba yake tashi. Ina kwance zan ji ƙarar butoci da takun mutane zuwa masallaci, in ja mayafi in juya. Wata safiya mai gida ya dawo ya same ni ina hamma a bakin ƙofa, rana ta riga ta fito.

Ya ce, "Ɗan mishan, an tashi lafiya? Ku dai kun more. Naku Ubangijin sau ɗaya a mako ake gaishe shi, kai kuma na ga har wannan ɗin ka yafe masa."

Na ce, "Haba Baba, muna yi a zuci."

Ya ce, "A zuci? Ni dai minshari nake ji."

Wasa yake yi, amma maganar ta shige ni. Sai dai ba inda ya kamata ta shiga ba. Ban ji kunyar Allah ba, kunyar mai gida na ji. Washegari ana kiran assalatu na tashi, na kunna fitilar ƙwai, na buɗe ƙofar ɗakina wangale yadda duk mai wucewa zai gan ni, na ɗora littafi a cinya.

Nan sai in gaya muku wani abu game da karatuna. Ina yaro an kai ni riƙo wurin kawuna, wan mahaifiyata, wanda shi Musulmi ne, a hannunsa na koyi ajami har hannuna ya faɗa. Boko daga baya na tsince shi a ajin manya na cocinmu, kuma har lokacin da ƙyar nake haɗa baƙi. Littafina na boko ne. In na karanta layi uku sai barci ya fara fizgata. Sai dabara ta zo mini: in riƙa ɗaukar aya ɗaya kullum ina juya ta zuwa ajami. Na sayo takardu da tawada, na fere alƙalami na kara, har da jar tawada ta wasali.

Rubutun ya yi kyau, ba yabon kai ba. Masu dawowa daga masallaci sukan tsaya su leƙa, wani ya ce, "Kai, wannan hannu!" Mai gida da kansa ya ɗauki takarda ɗaya ya juya ta, ya ce ko cikin malaman Shahuci sai an tona kafin a sami mai ja irin wannan. Daga nan na ƙara ƙaimi. In tawada ta ɗiga ko baƙi ya karkace, sai in sake sabuwa. Wadda ta ɓaci kuma ba na yar da ita, domin kowa ya san a birni ba a barin takarda mai baƙaƙen Larabci a ƙasa. Sai in naɗe ta in cusa a tsagar bangon soro kamar yadda kowa yake yi.

Wata uku ina haka. A wata ukun nan ban yi addu'a ko sau ɗaya ba. Ina tashi, ina rubutu, ana yabawa, in rufe in tafi shago. In da za ka tambaye ni da azahar abin da ayar safe ta ce, da sai in yi ta sosa ƙeya.

A soron farko na gidan akwai wani ɗan dako, mutumin karkara, bai daɗe da tarewa da matarsa da 'ya'yansa biyu ba. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Wata safiya bayan mutane sun watse sai ga shi ya yi sallama, ya tsuguna a bakin ƙofata, ya ajiye goro biyu a gefen tabarma.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, na yi maka laifi, na zo in faɗa da bakina."

Na ce, "Wane laifi?"

Ya ce, "Mai ɗakina ce ba lafiya, yau kwana tara. Zazzaɓi, ko ruwa ba ya zama a cikinta. Shekaranjiya na ciro takarda ɗaya cikin naka na bango, na sa mata a ƙarƙashin matashi. Ban nemi izini ba, na san shi ya sa bai ci ba. Ka yafe mini, ka yi mata na gaske."

Na daɗe ina kallon goron nan. Mutumin bai iya karatu ba. Ya ga ajami, ya ga tawada, ya ga mai tashi da asuba, ya gama lissafinsa: malami ne. Takardar da ya ɗauka kuwa na san irinta, rabin aya ce da na bari saboda wani baƙi ya fito da ƙaton ciki.

Na ce, "Malam, ni ba malami ba ne. Tela ne, ɗan koyo ma. Kuma ni Kirista ne. Abin da kake gani daga littafinmu nake kwafowa, ba laya ba ce, ba ta maganin komai."

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi takardun. Na zaci zai tashi ya kaɗe rigarsa. Sai ya ce, "Kirista? Da ajami?"

Na ce, "Da ajami."

Can ya ce, "Ikon Allah. To, amma ai kullum ina ganin fitilarka. Wanda kake tashi dominsa ɗin, ai kun saba. Ka yi masa maganarta mana. Ni na roƙa, an roƙa mini a masallaci, kai ma ka sa baki."

"Ai kun saba." Ban taɓa jin maganar da ta tsiraita ni kamar wannan ba. Na ce masa to. Na tambaye shi sunanta, sai ya sunkuyar da kai yana murmushin kunya, ya ce, "Haba Malam, uwargida ce fa." Kun san mutanenmu na da, ba kowa yake iya kama sunan matarsa ta fari ba. Ya bar goron ya tafi.

Kafin in wuce shago na sami mai gida na gaya masa halin da ake ciki. Ya yi salati, ya ce, "Kwana tara a gidana ban sani ba?" Kafin hantsi ya sa an samo mota an kai ta asibiti.

Washegari na tashi kamar kullum, na kunna fitila, amma na tura ƙofa. Na durƙusa. Sai na rasa ta inda zan fara. Kun san yadda mutum yake ji in ya shekara bai leƙa ɗan'uwansa ba, ranar da ya je kuma buƙata ce ta kai shi? Haka na ji. Na gwada kalmomin da fastonmu yake buɗe addu'a da su, suka fito kamar aron riga. Daga ƙarshe abin da na iya cewa shi ne, "Ubangiji, ni ne. Na san ka san inda na shiga." Na faɗa masa gaskiyar wata ukun nan, da wanda nake kunna wa fitila. Sannan na ce, "Akwai matar mutumin nan na soron farko. Ban san sunanta ba, kai ka sani. Mijinta yana zaton mun saba. Don Yesu, kada ka dube ni, ka dube ta."

Haka na yi ta yi kowace safiya. Sai na ga in na gama maganarta, wasu maganganun suna biyowa: mahaifiyata, maigidana na shago da nake zagi a zuci, tsoron da nake ji na zama ni kaɗai a unguwa. Ayar ma na koma karanta ta a hankali, sau uku sau huɗu, in zauna da ita. Wata rana in rubuta, wata rana alƙalami ya kwana a bushe.

Bayan mako uku aka sallamo ta, ta rame amma tana takawa da ƙafarta. Mijin ya bi kowa da godiya, da mai gida, da liman, da ni. Ya ce, "Kowa ya yi nasa, Allah ya yi mai wuyar." Ban ce addu'ata ce ba, ban kuma ce ba ita ba ce. Ba a nuna mini wannan ba.

Abin da na fi tunawa shi ne safiyar da ta biyo baya. Na farka, na tuna cewa alkawarin da na ɗauka ya cika, babu mai jiran komai a wurina, babu kuma mai leƙe. Na ɗan kwanta ina sauraron butoci. Sai na ji ba na so a fara ranar ban gaida Ubangiji ba. Na tashi na durƙusa, ba da wata buƙata ba, na yi godiya. Tun daga ranar nake lissafin cewa na fara ibada.

Shekara biyu na ƙara a gidan kafin in buɗe shagona a wani gari. Ba zan ce ban taɓa fashi ba tun daga lokacin. An yi makonnin da na yi sanyi, an yi safiyoyin da bakina yake motsi hankalina yana kan yadin mutane. Abin da na koya dai shi ne sabo da Allah ba ya zuwa sai da zuwa, kuma mutum yana iya yin shekaru a bakin ƙofa da kayan ibada a hannu bai taɓa yin sallama ba.

Ɗan dakon ya koma ƙauyensu da daminar shekarar, ban sake jin labarinsu ba. Matar tasa ko fuskarta ban taɓa gani sosai ba. Amma ita ce mutum ta farko da na taɓa kaiwa gaban Allah da gaske, kuma har yau, da furfurata, wata safiyar nakan ce masa, "Matar nan, in tana raye, ka san inda take."