Azara Shida a Saman Mota

Mun tashi da asuba daga Doso, muna idar da salla, ni da yayana da baffanmu, a tsohuwar motar gidanmu, katkat mai ja da ƙafa huɗu. Ku da kuka yi ta tambayar inda na shiga kwana uku, ga labarin. Kakarmu muka je ɗaukowa daga ƙauye, can bayan garin Bana ta wajen hanyar Junju. Tun daminar bara bangon ɗakinta ya tsage, maƙwabta suka aiko cewa ba zai ga ƙarshen wata daminar ba. An shekara ana lallashinta ta dawo wurinmu, tana ƙi. Daga baya ta kafa sharaɗi ɗaya: ba za ta kwana ƙarƙashin wani rufi ba sai na azarar giginyar da marigayi kakanmu ya jera da hannunsa. Mahaifinmu ya gina mata ɗaki a tsakar gida, ya bar shi ba rufi, ya ce mu je mu zo da ita da azararta kafin hadari ya fara haɗuwa. Ta waya baffa ya yi mata alkawarin ko guda ba za a bari ba.

Motarmu ba ta da galeri, wato shimfiɗar ƙarfen nan da ake ɗaurawa a saman mota don kaya. Shi ya sa muka fara nufar Gaya, inda aka ce masu wannan sana'a suke. Hanyar tana da kwalta, sai dai manyan motoci sun cinye ta a wurare. Muna ƙara yin kudu ƙasa tana ƙara laushi a ido. Itatuwa suka fara tsayi, giginyu suka fara bayyana ɗaya-ɗaya, sannan jeri-jeri, kamar mutanen da suka fito tarbar baƙo suka rasa abin cewa. A wani ƙauye muka sayi muruci mai ɗumi da mangwaro, na dala arba'in ya ishe mu mu uku har da saura. Yayana ya ce da a Doso ne da sai dai mu sansana.

Da hantsi muka shiga Gaya. Ƙamshin soyayyen kifi da hayaƙin babura suka tarbe mu tare. Daga nesa na hango kogi yana sheƙi, da kwalekwale suna kai da kawowa. A bakin kasuwa akwai galeri iri-iri jingine da bango. Akwai sababbi farare marasa nauyi, waɗanda aka shigo da su daga waje. Akwai na hannu da aka cire daga tsofaffin motoci. Akwai kuma sanduna biyu kawai da ake maƙalawa a gicciye. Yayana ya ƙyalla ido ya ga wani fari mai kyau, har ya fara ciniki. Mai kayan ya rantse zai ɗauki raƙumi. Baffa ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya ajiye, ya ce mu ƙara gaba.

Wani mai shayi ne ya kwatanta mana rumfar wani tsohon mai walda a bayan tasha. Mun same shi zaune a kan taya, da baƙin gilashi rataye a wuya. Bai nuna mana komai ba. Tambaya ya fara yi: me za mu ɗauka, tsawonsa nawa, wace hanya za mu bi. Da ya ji azara ce, kuma tsohuwa, sai ya miƙe ya zagaya motar yana shafa gefen rufinta, inda ɗan kwararon da ruwan sama yake bi. Ya ce nan ne ƙarfin motar yake, nan ƙafafun galeri za su zauna, tsakiyar rufi kuwa kwano ne kawai, ko yaro ya taka sai ya loɓa. Ya ce ba zai huda mana rufi ba, don ramin da aka huda yau shi ne yoyon damina.

Yayana ya ba shi labarin farin da ya gani a kasuwa. Tsohon ya dube shi ta ƙasan ido.

"Samari, wannan na ɗaukar katifar amarya ne. In za ka yi aure ka dawo, ni da kaina zan raka ka ka saya."

Ya auna rufin da igiya, tsawo da faɗi, yana ƙulla ta a inda ya tsaya. Daga cikin tarin ƙarafansa ya jawo wani baƙin galeri na hannu, ya yanke abin da ya yi yawa, ya ƙara masa ƙafafu har suka zama takwas, huɗu kowane gefe, don nauyi ya rarrabu. Ƙarƙashin kowace ƙafa ya shimfiɗa yankin robar cikin taya, kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Bai ɗaure noti ɗaya ya gama da shi ba. Sai ya ɗan ja wannan, ya zagaya ya ja na ɗaya gefen, ya dawo, har duka suka zauna daidai. Na zauna a inuwa ina kallon tartsatsin wuta yana zuba kamar tsabar gero. Aikin ya kai mu la'asar. Baffa ya biya jaka arba'in da biyar yana ƙorafin komai ya yi tsada tun da zirga-zirgar gadar kan iyaka ta ja baya.

Da za mu tafi, ni tsohon ya kira, ya miƙo mini kile na ɗaure noti. Ya ce ya lura ni ce mai saurare a cikinmu.

"'Yata, azara shida. Ba bakwai ba. Mota a tsaye tana ɗaukar abin da ba ta iya ɗauka a guje. Kuma duk inda kuka fita daga gargada, ku tsaya ku sake ɗaure ƙafafun."

Na ce to. Baffa ya yi murmushi irin na wanda ya saba ganin motocin kasuwa da kaya har sama.

Mun kwana gidan gwaggonmu, muka kama hanya da sassafe. Bayan Bana kwalta ta ƙare mana, muka hau jar hanya mai gargada wadda take kaɗa haƙora. Gonaki duk an share su, an tara kara an ƙone, ƙasa tana jiran ruwa. Sau biyu na sa aka tsaya, kuma sau biyun na tarar notin baya ya saki kaɗan.

Abin da muka tarar a ƙauye shi ya sanyaya mini jiki. Da mutanen gari suka ji muna tafe, sai suka yi gayya tun jiya suka kware rufin ɗakin, don su rage mana aiki. Ga ɗakin kaka a buɗe, rana tana dukan inda gadonta yake. Ga azara goma sha huɗu a jere a tsakar gida, baƙi wuluk da hayaƙin shekaru. Ita kuma tana zaune a kan tabarma kusa da su, ƙullin kayanta a gefe, ta yi lulluɓin fita. Ta ga yayana ta ce ga maigidanta ya zo biko da mota mai rawani. Aka yi dariya, aka sha fura. Ni kuwa ina ta ƙirga azarar nan da ido.

Na ja baffa gefe na tuna masa maganar tsohon. Ya ce ya yi alkawari, kuma katkat ce. Maza suka fara ɗorawa. A ta tara na ji motar ta yi wani nishi ta zauna a kan tayoyin baya. A ta goma sha ɗaya yayana ya je rufe ƙofar baya, ta ƙi shiga sai da ya danna da kafaɗa. Ya leƙa sama, ya ga kwararon rufin ya fara buɗewa a ƙarƙashin ƙafa ɗaya. A cikin wannan motar za a zaunar da tsohuwa, a bi gargadar da muka biyo. Kuma in ta ce ta fasa, babu rufin da za ta koma ƙarƙashinsa.

Baffa ya kasa zuwa ya faɗa mata. Ni aka tura, don sunanta aka sa mini. Na durƙusa gabanta na faɗi gaskiya, cewa mun yi alkawarin abin da ba mu auna ba, motar shida kawai za ta iya. Ta daɗe tana kallon ɗakin. Har na ɗauka za ta kwance lulluɓi.

"Takwara, wa ya ce shida?"

Na ce wani tsoho ne mai walda a Gaya, wanda ya haɗa ƙarfen.

"Ya ga azarar?"

Na ce bai gani ba, amma ya tambayi tsawonta da hanyar da za mu bi kafin ya taɓa komai.

Ta gyaɗa kai. Ta ce kakanmu ma haka yake, ba ya ɗora wa jaki kaya sai ya duba bayansa. Ta ce a sauke duka.

Aka sauke, aka sake jerawa. Idonta ba ya gani sosai yanzu, da tafin hannu ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta zaɓi mai ƙusar da ake rataya fitila. Ta zaɓi wadda igiyar ragaya ta yi wa zobe. Ta zaɓi wata mai tabon gatari, ta ce ranar da kakanmu ya sare ta ne aka zo aka gaya masa an haifi mahaifinmu, hannunsa ya kuskure. Sauran ukun ba ta faɗi dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba. Takwas ɗin da suka rage ta ce a kai masallacin unguwa, rumfarsa tana yoyo, kuma marigayi mai su ya fi kowa zama a wurin.

Muka jera shidan a tsakiyar galeri, masu kauri a ƙasa, muka ɗaure gaba da baya da tsakiya, muka rataya jan ƙyalle a inda suka zarce mota. Muka taso bayan azahar a hankali. Mota mai kaya a ka tana tafiya kamar mace mai tulu, ba ta son a juya ta da gaggawa. A wani shinge ma'aikatan gandun daji suka tsayar da mu, don ba a sare giginya haka kawai. Ɗayansu ya hau ya shafa, ya ga baƙin hayaƙi a yatsunsa, ya leƙo ya gaida kaka, ya ɗaga mana hannu. Duk tsawon hanyar nan hannunta na dama yana manne da rufin motar daga ciki. Na ce ta sauke ta huta, ta ce tana jin motsinsu.

A Gaya muka bi ta rumfar tsohon kafin magariba. Ya ƙirga da ido, ya gyara inda kwararon ya buɗe, bai tambayi yadda aka yi ba. Kaka ta aika masa da goro ta taga. Na miƙa masa kilensa, ya ce in riƙe.

Washegari da azahar muka iso gida. Tafiyar ta koya mini cewa a tambayi nauyin abu kafin a ce za a ɗauka, kuma mai gaya maka iyakar abin da za ka iya ba rowa yake yi maka ba. Magina sun cike rufin da sababbin katako, shidan kuwa kaka ta sa an jera su daidai saman gadonta. Shekaranjiya da rana aka yi ruwan farko. Gwaggo ta bugo waya ta ce bangon ɗakin ƙauye ya zube. Na shiga in gaya wa kaka, na tarar ta rataya tsohuwar fitilarta a ƙusar nan, ta yi barci.